Ramukan da Ba Ramuka Ba: Tarihin Gizagizan da ke Haifar Manyan Taurari

A shekarar 1785 William Herschel, Bajamushen nan da ya koma Ingila da zama har ya gano duniyar Yuranus, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan cewa ya ga wani wuri a burjin Aƙrabu inda babu tauraro ko ɗaya. Gefe da gefen wurin taurari ne cunkus, amma tsakiyarsa baƙi ƙirin. Ya ɗauka rami ne, wato wata kafa da ta huda farar hanyar taurarin nan da ake kira Milkiwe, har mutum na iya leƙa bayanta. Herschel ba ƙaramin masani ba ne, don haka maganarsa ta zauna. Fiye da shekara 100 aka yi ana kiran irin waɗannan wurare ramuka.

Wanda ya fara warware zancen bai tashi a gidan boko ba. An haifi Edward Emerson Barnard a Nashbil ta jihar Tenesi a 1857, bayan rasuwar mahaifinsa, a gidan da abincin yau ma sai da ƙyar. Yana ɗan shekara 9 aka kai shi aiki shagon mai hoto. Aikinsa shi ne ya hau rufin shagon ya riƙa juya wata ƙatuwar kyamara tana bin rana sannu a hankali, kada hasken ya kauce daga saiti. Wannan haƙurin ne ya zame masa jari. Da ya girma ya sayi ƙaramin madubin hangen nesa ya shiga farautar taurari masu wutsiya, a lokacin da wani attajiri ke biyan dala 200 ga duk wanda ya gano sabo, kuma da wannan kuɗi ya riƙa biyan bashin gidan da ya gina. Daga nan ya samu aiki a cibiyar duban taurari ta Lick a Kalifoniya, sannan ta Yerkes kusa da Shikago, ya duƙufa kan ɗaukar hoton Milkiwe. Hoto guda kan ci awoyi, mutum na tsaye cikin sanyin dare, idonsa a kan tauraro ɗaya, yana gyara saitin na'ura da hannu.

A hotunan nan ramukan Herschel suka fito da siffofinsu: wasu a murɗe, wasu dogaye sirara, wasu da kaifin baki. Barnard ya daɗe yana kai-kawo a zuciyarsa kafin ya yanke hukunci. Ramin da zai huda dubban taurari ya kuma saito idonmu daidai, ko ɗaya ne abin mamaki ne, balle ɗaruruwa. A 1919 ya fitar da jerin baƙaƙen wurare 182, ya ce yawancinsu abubuwa ne masu jiki da suka tare hasken taurarin da ke bayansu. Ya rasu a 1923, babban littafin hotunansa kuwa sai 1927 ya fito, kwafi 700 kacal, da hotuna na gaske manne a shafukansa, waɗanda shi da kansa ya bi ɗaya bayan ɗaya ya duba kafin ajali ya zo masa. Har yau da lambobinsa ake kiran gizagizan: Barnard 33, Barnard 68.

To, mene ne a cikinsu? Amsar ta fara fitowa ta wata hanya dabam. Idan aka bi da hasken tauraro ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya warwatse ya zama bakan gizo, kuma a jikin bakan akwai siraran baƙaƙen layuka. Kowane sinadari da layukansa, ba ya aron na wani. A 1904, a Fotsdam ta Jamus, Johannes Hartmann na nazarin Mintaka, ɗaya daga taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar burjin Oriyon, waɗanda muke gani tar a daren hunturu. Mintaka tagwaye ne masu zagaya juna cikin ƙasa da kwana 6, saboda haka layukansu kan yi lilo, su je dama su dawo hagu. Layi ɗaya ne, na sinadarin kalsiyam, ya ƙi motsi. Hartmann ya gane cewa wannan kalsiyam ba a jikin tauraron yake ba, a kan hanya yake, tsakaninmu da shi. Ashe sararin da ke tsakanin taurari ba wayam yake ba.

A 1930 Robert Trumpler ya ƙara da batun ƙura. Ya lura cewa gungun taurarin da ke nesa sun fi dusashewa fiye da yadda nisansu ya isa ya jawo, kuma haskensu ya karkata zuwa ja. Duk wanda ya ga rana cikin hazon hunturu, ta yi jawur har ana iya kallonta da ido, ya san abin da Trumpler ya gani: ƙananan ƙwayoyin ƙura sun fi tare shuɗin haske, su bar ja ya wuce. Gizagizan Barnard su ne wuraren da wannan ƙura da iskar da ke tare da ita suka yi kauri har haske ya kasa ratsawa.

An yarda akwai atam, an yarda akwai ƙura. Abin da manyan masana suka ƙi yarda da shi shi ne molekul, wato atam biyu ko fiye su haɗu su zama sinadari guda. Arthur Eddington, wanda a zamaninsa ba a ja da shi a ilimin taurari, ya nuna shakkarsa a wata lacca a 1926, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. A iskar da muke shaƙa, ɗan wurin da bai wuce santimita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ba na ɗauke da molekul kusan biliyan 25 sau biliyan. A sararin da ke tsakanin taurari, wuri mai wannan girma atam ɗaya ne a cikinsa. Yaushe atam zai gamu da ɗan'uwansa? In ma sun gamu sun haɗu, hasken altirabayolet da taurari ke fesowa zai raba su nan da nan.

Duk da haka, tsakanin 1937 da 1941 aka tsinci wasu layuka a hasken taurari, musamman a hotunan da Walter Adams da Theodore Dunham suka ɗauka a Dutsen Wilson, aka kuma gane na molekul uku ne: CH, wato kabon da haidirojin, da CN, wato kabon da naitirojin, da CH mai cajin lantarki. A nan akwai abin da bai kamata a wuce shi ba. Andrew McKellar, ɗan Kanada, ya auna yadda molekul ɗin CN ke juyawa, ya lissafa cewa akwai wani ɗumi na digiri 2.3 a ma'aunin Kelbin da ke motsa shi. Sifilin wannan ma'auni shi ne digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa, iyakar sanyi ke nan. Ba wanda ya ɗauki lissafin da muhimmanci. Sai a 1965, da Arno Penzias da Robert Wilson suka gano ragowar ɗumin farkon halittar sararin samaniya, aka waiwaya aka ga ashe McKellar ya auna shi tun shekara 24 da suka wuce. Bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a 1960.

Bayan waɗannan ukun sai abin ya tsaya cik fiye da shekara 20. Dalili kuwa shi ne da hasken ido ake aiki, hasken ido kuma gizagizai marasa kauri kaɗai yake ratsawa, inda hujjar Eddington ke da ƙarfi. Cikin baƙaƙen gizagizai, inda ƙura ta yi wa iska garkuwa daga altirabayolet, ba a da hanyar leƙawa.

Rediyo ne ya buɗe ƙofar. Molekul na juyawa a kan kansa, kuma duk sa'ad da ya rage gudun juyin yakan saki igiyar rediyo mai tsawon zango na musamman, wadda ƙura ba ta iya tarewa. Charles Townes, wanda ya ƙirƙiro na'urar mesa, yayar lesa, da iskar amoniya, ya san waɗannan igiyoyi ciki da waje. Tun 1955 ya tsaya gaban taron masana taurari a Ingila ya lissafa musu molekul ɗin da ya kamata a nema. Ba a yi saurin bin shawararsa ba. An gano OH, wato oksijin da haidirojin, a 1963, amma shi ma atam biyu ne kawai. Da Townes ya koma jami'ar Kalifoniya a Bakli a 1967, da lambar Nobel a hannunsa, sai ya ce zai nema da kansa. Shi da Jack Welch da David Rank da Douglas Thornton da wani ɗalibi, Albert Cheung, suka ɗora na'urar karɓar sigina a kan wani faranti mai faɗin mita 6 a Hat Creek, can arewacin jihar. A ƙarshen 1968 suka juya shi wajen tsakiyar Milkiwe, sai ga amoniya, atam huɗu cif, a gajimaren da ake kira Sajitariyos B2. Ƙarfin siginar ya nuna cewa iskar wurin ta fi yadda ake zato kauri nesa ba kusa ba. Makonni kaɗan bayan haka suka samu ruwa. Cheung ya bugo wa Townes waya gida ana tsakiyar walimar Kirsimeti don ya shaida masa irin ƙarfin siginar ruwa da ke fitowa daga Oriyon. Daga baya aka gane tururin ruwan nan mesa ce ta halitta, irin wadda Townes ya ƙera a ɗakin gwaji, kuma kusa da jariran manyan taurari take kunnuwa.

Daga nan sai abin ya ɓalle. A 1969 Lewis Snyder da David Buhl da Ben Zuckerman da Patrick Palmer suka gano fomaldehaid, sinadarin da ake jiƙa gawar dabba a ciki a ɗakin gwaji don kada ta ruɓe. A watan Afrilun 1970 Wilson da Penzias, su dai waɗancan, tare da Keith Jefferts, suka kai wata sabuwar na'ura ta kamfanin Bell Labs kan farantin mita 11 a Kitt Peak ta Arizona, suka saita Oriyon a zangon milimita 2.6. Ba su jira ba, nan take siginar kabon monoksaid, wato CO, ta yi tsalle a allo. Da suka kauda farantin gefe, siginar na nan. Gajimaren ya fi ɗan farin tabon da ido ke gani a Oriyon girma sau da yawa.

A ganina, a duk tarihin nan babu ganowar da ta kai ta CO nauyi. Abin da ya fi yawa a gizagizan shi ne haidirojin mai atam biyu, H2, amma a cikin sanyi shiru yake, ba ya sakin wata igiya. George Carruthers, Baƙar fata ɗan Amurka, ya tabbatar da samuwarsa a 1970 da kyamarar da ya ƙera ya harba a roka, sai dai wannan dabara ba ta aiki cikin baƙin gajimare. CO kuwa, ko da yake ɗaya ne cikin kowane 10,000, murya gare shi, duk inda H2 ya taru yana nan. Da shi aka zana taswirar Milkiwe sabuwa. Patrick Thaddeus ya kafa ɗan farantin mita 1.2 a kan rufin wani bene na jami'ar Kolombiya, a tsakiyar birnin Niyok, aka kai tagwayensa ƙasar Cile, aka yi fiye da shekara 20 ana bin sama taki-taki har cikakkiyar taswirar ta fito a 2001. Kafin nan an riga an ga cewa akwai ƙattan gizagizai masu nauyin rana 100,000 zuwa miliyan, kuma a cikinsu ne kawai ake haifar manyan taurari.

CO ba ɗan rahoto kaɗai ba ne, yana cikin masu aikin. Idan H2 ya buge shi ya sa shi juyi, sai ya saki igiyar rediyo ta fice daga gajimaren da ɗan ɗumin da ta ɗauka. Haka gajimare ke zubar da zafinsa har ya sauka digiri 10 na Kelbin. Iska mai zafi turjiya take yi, mai sanyi kuwa ba ta da ƙarfin ja da nauyinta, sai ta dunƙule. Ke nan tauraron da zai ƙuna da zafin dubban digiri ba ya samuwa sai sinadarai sun fara sanyaya mahaifarsa.

Saura tambayar Eddington, domin ba a amsa ta ba tukuna. Ko a baƙin gajimare, santimita guda ba ta wuce molekul 10,000 zuwa miliyan ɗaya ba, ɗaya na iya yin makonni bai yi karo da wani ba, kuma a digiri 10 yawancin haɗe-haɗen sinadarai da aka sani ba sa tashi, don suna bukatar zafi ya tunzura su. Bakin zaren ya fito daga wani layi da Buhl da Snyder suka tsinta a 1970, wanda bai dace da kowane sinadari da ke littafi ba, har suka raɗa masa suna X-ogen. William Klemperer na jami'ar Habad ya ce HCO ne mai caji. Shekara 5 aka yi kafin a tabbatar da maganarsa a ɗakin gwaji. Kafin nan, a 1973, shi da ɗalibinsa Eric Herbst sun riga sun shimfiɗa bayanin, William Watson ma ya kai ga irinsa a nasa ɓangaren.

Ga yadda abin yake. Akwai wasu ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke yawo a sararin samaniya, waɗanda fashewar manyan taurari ke harbowa, kuma ƙura ba ta tare su. Ɗaya ta ratso gajimare ta fizge lantarki daga H2. Wannan H2 mai caji ya ci karo da wani H2, sai a samu H3 mai caji, atam uku a jere kamar kusurwa uku. Abu mai caji ba ya jiran zafi, shi ke janyo maƙwabcinsa. H3 kuma ba ya riƙe atam na ukun da ƙarfi, duk wanda ya gamu da shi sai ya miƙa masa. In ya ba CO, a samu X-ogen. In ya ba naitirojin mai atam biyu, a samu N2H mai caji, wanda za mu sake gamuwa da shi. In ya ba oksijin, bayan mataki biyu ko uku a kai ga ruwa. Abin burgewa shi ne an gina wannan bayani kacokan a kan sinadarin da ba wanda ya taɓa gani a sama. Takeshi Oka, ɗan Japan, ya auna layukansa a ɗakin gwaji a Otawa a 1980, sannan ya shiga nema. Sai 1996, bayan shekara 16, shi da Thomas Geballe suka same shi daga kan dutsen Mauna Kea na Hawai, a gizagizan da suka lulluɓe jariran manyan taurari biyu, GL 2136 da W33A.

Amma iska kaɗai ba ta iya komai ba. H2 kansa ba ya haɗuwa a iska, domin atam biyu na haidirojin in sun yi karo ba su da inda za su sauke ƙarfin karon, sai su sake rabuwa. Robert Gould da Edwin Salpeter sun nuna a 1963 cewa a bayan ƙwayar ƙura ake ɗaura wannan aure. Ya kamata a dubi ƙwayar nan da kyau. Ɗan ɓarɓashin dutse ce ko gawayi, kaurin gashin kai ya ninka ta sau ɗaruruwa, kuma duk ƙurar gajimare ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. A digiri 10, duk abin da ya faɗa mata ya manne. Oksijin ya sauka ya tsaya inda yake. Haidirojin, da yake shi ne mafi sauƙi, yakan yi ta tsalle daga gurbi zuwa gurbi har ya iske shi, na biyu ya biyo baya, ruwa ya samu, daskararre. Haka naitirojin ke zama amoniya, kabon ya zama misen. Cikin ɗaruruwan dubban shekaru ƙwayar ta yi riga ta ƙanƙara. Da gajimaren ya ƙara kauri, CO ma sai ya daskare a kan rigar, haidirojin ya bi shi ɗaya bayan ɗaya: biyu su mai da shi fomaldehaid, huɗu su mai da shi mesanol. An ga alamar ƙanƙarar ruwa a Oriyon tun 1973, Xander Tielens da Wim Hagen suka tsara lissafin a 1982, kuma a 2002 Naoki Watanabe da Akira Kouchi na jami'ar Hokkaido suka fesa atam na haidirojin kan ƙanƙarar CO a digiri 10 cikin ɗakin gwaji, mesanol ya fito a gabansu.

Babban tauraro shi ne wanda ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye. Irinsu ba su kai 1 cikin 100 na taurari ba, kuma ba sa daɗewa, shekaru 'yan miliyoyi ne su fashe, amma su ke ƙera yawancin oksijin da silikon da ke duniya. Saurin girmansu ya sa wutarsu kan kama tun suna binne cikin gajimare. A 1967 Eric Becklin da Gerry Neugebauer suka gano wani abu mai zafi a bayan gajimaren Oriyon, nisan tafiyar haske ta shekara 1,350 daga nan, wanda ido ba ya gani sai na'urar infared, Douglas Kleinmann da Frank Low kuma suka gano wani dab da shi. Da irin wannan jariri ya ɗumama kewayensa zuwa digiri 100, rigar ƙanƙara sai ta tashi ta zama tururi, duk abin da aka tara cikin duhu ya fito fili a lokaci guda. Robin Garrod da Herbst sun nuna a 2006 cewa tun kafin nan, tsakanin digiri 20 da 40, gutsattsarin sinadarai kan fara rarrafe a kan ƙanƙarar suna haɗuwa su zama manya.

Sajitariyos B2 ne ya fi kowane wuri arzikin wannan tururi. Yana kusa da tsakiyar Milkiwe, nauyinsa ya kai na rana miliyan 3. A can aka samu esanol a 1975, sinadarin tsamin binega a 1997, wani ɗan'uwan sukari mai suna gilaikolaldehaid a 2000, kuma a 2019 Arnaud Belloche da abokan aikinsa suka tabbatar da yuriya, wadda manomi ya sani a buhun taki. Ba kowace sanarwa ce ta tsaya ba. A 2003 wasu masana suka ce sun ga gilaisin, ɗaya daga tubalan furotin, amma a 2005 Snyder, wanda ya shafe shekaru yana neman wannan sinadari da kansa, ya jagoranci binciken da ya nuna cewa layukan da ya wajaba a gani ba sa nan. Ina ganin girman mutumin a nan yake, domin ba wanda ya fi shi son labarin ya zama gaskiya. Yau ire-iren molekul da aka tabbatar a sararin samaniya sun haura 300.

Duk wannan labarin bayan haihuwa ne. Masana na son ganin gajimaren tun kafin wuta ta kama, kuma nan ne aka sha wuya, domin irin waɗannan wurare na da nisa kuma ba sa daɗewa a wannan hali. Taurarin ɗan Adam biyu ne suka nuna su. Ɗaya ISO na Turai, wanda aka harba a 1995. Ɗayan MSX, na hukumar kariya daga makamai masu linzami ta Amurka, an harba shi a 1996 don a san yadda sama take a hasken infared, ta yadda za a iya bambanta makami da tauraro. A hotunansu aka ga baƙaƙen zirare kwance a kan hasken Milkiwe. Infared kan ratsa gizagizan Barnard ba wuya, amma waɗannan sun tare shi. Michel Pérault ya ba da rahotonsu a 1996, Michael Egan da abokansa suka ƙirga kusan 2,000 a 1998, kafin 2006 jerin ya kusa 11,000. Wani da ake wa laƙabi da Maciji, G11.11, yana nisan shekarar haske kusan 11,000. Sanyinsu bai kai digiri 25 ba, kaurinsu ya wuce molekul 100,000 a santimita, kuma Jill Rathborne da James Jackson da Robert Simon suka nuna cewa dunƙulen da ke cikinsu na da nauyin da zai haifi gungun taurari har da manya.

A cikin waɗannan gizagizai CO, wanda aka dogara da shi shekara da shekaru, ya daina amfani, don mafi yawansa ya daskare a kan ƙura. Sai aka koma ga N2H mai caji da amoniya. CO ne ke cinye N2H a iska, saboda haka da ya kau sai wancan ya yawaita, ya zama shi ne alamar wuri mafi sanyi da kauri. Akwai alama ta biyu da ta fi wannan kaifi. Haidirojin na da wani nau'i mai nauyi, diyuteriyam, kusan 1 cikin 50,000. Idan H3 mai caji ya gamu da shi, sai ya karɓe shi ya saki mara nauyi, kuma a ƙasa da digiri 20 babu ƙarfin da zai mayar da cinikin baya. Da yake CO ba ya nan balle ya cinye H3, diyuteriyam sai ya yi ta taruwa yana shiga sauran sinadarai, har a wasu wurare a tarar fiye da 1 cikin 10 na N2H ya koma mai nauyi. A 2002 an samu amoniyar da duka haidirojin ukunta masu nauyi ne, a gajimaren Barnard 1. Da yake wannan taruwa lokaci take ci, ta zama agogo: yawan diyuteriyam na nuna daɗewar wuri cikin sanyi. Paola Caselli na cikin waɗanda suka fi kowa gyara wannan ma'auni. Ruwan tekunmu ma na ɗauke da tabon, diyuteriyam 1 cikin 6,400, kuma Ilsedore Cleeves da abokanta sun lissafa a 2014 cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 nasa daga ƙanƙarar gajimaren da ya haifi rana ya fito.

Da wannan agogo ake ƙoƙarin raba wata gardama. Christopher McKee da Jonathan Tan sun ce a 2003 babban tauraro daga babban dunƙule guda yake fitowa, wanda ya tara nauyinsa tun yana sanyi. Ian Bonnell da Matthew Bate sun ce a'a, da ƙanana ake farawa, waɗanda suka dace da tsakiyar gajimare su yi ta zuƙar iskar da ke kwararowa har su ƙasaita. Idan na farko ne daidai, dole a samu ƙaton dunƙule mai sanyi, cike da diyuteriyam, babu tauraro a ciki. Faranti 66 na ALMA, da aka ƙaddamar a 2013 a hamadar Atakama ta Cile, mita 5,000 sama da teku, su suka ba da idon da za a duba. A wannan shekara Tan ya bi sawun N2D, wato N2H mai nauyi, ya samu wani dunƙule mai nauyin rana kusan 60 a gajimaren G28.37, amma a 2016 shi da abokansa suka ga iska na feshi daga cikinsa, alamar jariri ya riga ya kama. Nicolas Peretto kuma ya ga iska na gangarowa ta zirare zuwa wani dunƙule mai nauyin rana 500 a gajimaren SDC335. Binciken da Patricio Sanhueza ya jagoranta ya zaɓi wurare 39 mafiya duhu da sanyi, kuma a 2023 Kaho Morii ta fitar da sakamakon: dunƙule fiye da 800, kusan dukkansu sun yi ƙanƙanta su haifi babban tauraro da abin da ke jikinsu kaɗai. Masu ra'ayin farko na cewa irin wancan dunƙule ɗan gajeren zamani ne, sai an duba wurare da yawa kafin a dace da shi. Frédérique Motte da wasu na ganin ba ya samuwa sam, ƙaramin jariri ne ke girma yayin da gajimaren duka ke ciyar da shi, kuma a yanzu awon ya fi karkata wajensu.